Gara, Mai Tsire da Sauran Masu Tara Mujalla a Miskine

A Miskine ba wanda zai amsa sunan mai tara tsofaffin mujallu. Mai tara shanu akwai shi, mai tara bashi akwai shi, mai tara 'ya'ya kuwa ba a magana. Amma mutum da hankalinsa ya zauna yana adana takardar da watanta ya wuce? Wannan aikin Nasara ne, in ji mutanen unguwa. Ana cikin faɗin haka sai tela ya miƙe zai ɗauko alli, a ga abin da ya yi matashi da shi a kan kujerar keke: mujallar Amina ce guda goma sha biyu, an ɗaure su tam da ƙyallen atamfa, ta ƙasan ta girmi ɗansa na fari.

Unguwar tana manne da Kilomita Biyar, wadda takardun hukuma ke kira PK5, bakin jama'a kuma ya mayar da ita Sankilo. Sunan lissafi ne kawai, tazarar wurin daga tsakiyar birnin Bangui. Nan babbar kasuwa take, nan Babban Masallaci yake, nan kuma Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi da jikokin 'yan Senegal da Mali suka shekara suna cin kasuwa da Gbaya da Banda da Yakoma. Ana ciniki da Sango, ana rubuta rasit da Faransanci, ana gulma da Hausa. Shi kuwa sunan Miskine, Bahaushe ba ya bukatar tafinta, miskinin nan ne dai da ya sani. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba ta da teku, galibin abin da ake ɗaurawa ko ake sawa a wuya sai ya taso daga Duwala, ya ci tafiyar fiye da kilomita 1,400, ya shigo ta Garoua-Boulaï. Mujalla ce 'yar gata. Ita jirgi take hawa, ta fara sauka a kantunan cikin gari, matan manyan ma'aikata da na Turawa su gama da ita, sannan ta gangaro Sankilo a hannun kuku ko direba ko yaron gida. Inda masu ita na farko suka ce ta mutu, nan take fara aiki.

Uban ƙungiya, in da akwai ƙungiya, shi ne tela. Shi ba ya cewa mujalla, katalogi yake cewa, ko da kuwa Paris Match ce mai hoton jana'izar wani basarake. Duk takardar da ke da mace a tsaye cikin tufafi kayan aiki ce, ajinta ɗaya da almakashi da tef. Amina ce sarauniyar tulin. Michel de Breteuil ya kafa ta a Dakar a 1972, bayan 'yan shekaru ta koma Paris, kuma ta yi abin da mujallun matan Faransa ba su damu da yi ba: ta tsayar da baƙar mace cikin atamfa da shadda, da ɗaurin kai irin wanda za a shiga biki da shi ba tare da surukai sun ɗauki salati ba. A ƙarƙashinta akwai katalogin La Redoute, jibgegen littafin da kamfanin nan na Roubaix ya riƙa bugawa a da don matan Faransa su yi odar kaya ta gidan waya. Telan Miskine bai taɓa yin odar ko da maɓalli ba, amma ya ɗinke littafin tun daga bango har bango. Can ƙasa kuma, in tsohon hannu ne, za a tarar da Burda ta Jamus, wadda Aenne Burda ta fara a 1950, ta kuma riƙa cusa mata takardar yanka tun daga 1952. Takardar nan mai layuka ja da kore da baƙi, suna hawa kan juna kamar sawun kaji a rairayi, ba ya bin ta. Idonsa ne ma'auni. Yana ajiye ta ne don ranar da mai kaya ya cika ƙorafin kuɗin ɗinki, sai ya shimfiɗa masa ita a tebur, ya bar shi ya gani da idonsa cewa aikin ba na yara ba ne.

Cinikin kansa wasan kwaikwayo ne da kowa ya haddace. Hajiya ta dire turmin atamfa, ta jiƙa yatsa, ta yi ta buɗe shafi har ta ci karo da wata siririyar baiwar Allah a bakin teku. "Wannan nake so. Amma a rufe ƙirjin, a tsawaita hannun, a saki ƙugun, a sauke shi har idon sawu." Wato ba abin da ya rage na asali sai tekun. Tela ya ce, "An gama, Hajiya." Bayan alƙawari uku da yaro ya sha aike, ranar karɓa ta zo, Hajiya ta kara rigar da hoton ta ga ko dangi ba su haɗa ba. A gabanta cewa zai yi, "Hasken hoto ne, Hajiya." Sai ta ba da baya yake gaya wa yaransa gaskiyar magana: ita ta cikin takarda ba ta cin gozo, tuwon rogon nan.

Wannan gida yana da ƙaramin reshe, telan da ke yage shafin da ya fi kowanne kyau ya ɓoye a aljihun keke don kada maƙwabci ya gani. Sallah na matsowa ya fito da ɗinkin, ya ce a mafarki aka nuna masa.

In tela na tarawa don ci, Hajiya mai adaka tana tarawa ne don shaida. Nata mujallun suna kwance can ƙasan adaka, ƙarƙashin turamen da ba a sa wa almakashi ba tun lefe, sun sha kafur da humra har takardar ta zama turare. Ba ta karanta Faransanci, ba ta kuma ga dalilin wahalar da kanta. Zane take karantawa. Kallo ɗaya za ta ce wannan Holan ce ta gaske, ta gidan Vlisco da ke Helmond tun 1846. Wannan Kodebuwa ce. Wannan irin ta UCATEX ce, masaƙar Bangui da ta daɗe da rufewa. Wannan shadda Gezna ce, waccan kuwa sitaci ne kawai ya tsayar da ita. A hoto fa, ba ta taɓa ba. Malaman tarihi na da kalandarsu, ita ma tana da tata: shekarar kafaɗa mai soso, shekarar gwaggwaro mai hawa uku, shekarar da Alphadi mai zanen tufafi ya kwashi masu tallan kayan ƙawa ya kai su cikin rairayin Agadez. Wannan ta ƙarshe 1998 ce, bikin nuna ado na FIMA na farko, kuma ba ta yi kuskure ba.

Amfanin adaka yana fitowa ranar gardama. Wata ƙawar amarya ta shigo tana yanga da ɗinkin da ta ce bana ya fito daga Abidjan. Hajiya ba za ta tanka ba, jika za ta aika: "Jeki ɗauko min ta ƙasan nan mai koren bango." A buɗe, ga hannun, ga wuyan, ga tattarar, ga 1987 a saman shafi. "Yarinya, da wannan na je sunan babanki." An rufe shari'a, ba ɗaukaka ƙara.

Wanda ya dubi tulin Hajiya da idon lissafi zai ga yana da ƙiba har ƙarshen 1993, daga nan sai ya rame. Ba sha'awa ce ta ragu ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, duk abin da ake bugawa a Paris ya ninka kuɗi cikin dare ɗaya. Mata uku ko huɗu suka koma haɗa kuɗi su sayi guda, kuma a wannan haɗakar ce mai aro ta yi ƙarfi. "Yaya, ba ni in nuna wa tela, yanzun nan zan dawo da ita." Yanzun ta yi hankali, ta shiga makaranta, ta gama. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma wanda ya faɗi haka bai leƙa ɗakinta ba. Ita ce mai tuli mafi tsawo a layin, ba ta taɓa sayen ko ɗaya ba, kowace kuma da sunan mai ita na asali a bango, da biro, wani lokaci har da gargaɗi. Ita ba ta ba da aro. Ta san halin mutane.

Ɗan fansho dabam yake da su duka, domin shi mujalla ɗaya tal yake kiwo, cikin leda biyu. Tsohon akawu ne ko malamin makaranta, irin waɗanda a shekarun 1990 suka yi ta ƙirga watannin da ba a biya albashi ba. Dukiyarsa ita ce fitowar da ta ɗauko bikin 4 ga Disamba 1977, ranar da Jean-Bedel Bokassa ya ɗora wa kansa kambi, ya zama sarkin sarakuna, yana kwaikwayon Napoleon. In ana maganar mujallar ado, to wannan ce babbarsu, ko da ba a buga ta da wannan niyya ba. Ga karagar mulki mai siffar gaggafa ta buɗe fukafukai, an shafe ta da ruwan zinariya. Ga alkyabbar karammiski mai jela tana jan ƙasa, mai gashin dabbar ƙasar ƙanƙara, a garin da gumi ke tsiyaya a inuwa. Ga kambin da maƙeran Arthus-Bertrand na Paris suka ƙera, ga rigar sarauniya Catherine daga gidan ɗinkin Lanvin, ga dawakin da aka yo jigilarsu daga Turai don jan keken sarki. An kashe abin da ya kai dala miliyan 20 a ɗaya daga cikin ƙasashe mafiya talauci a duniya, kuma ba shugaban ƙasa ko ɗaya da ya halarta.

Masu wannan fitowa iri biyu ne: mai nuna ta don a yi dariya, da mai nuna ta don a yi ajiyar zuciya, a ce ai lokacin tituna na da kwalta. Sau da yawa mutum ɗaya ne, baƙon da ya zo yake dubawa. In baƙon ya zauna har shayi na uku, tsohon zai sauke murya ya kai labarin ƙarshensa. A Janairun 1979 'yan makaranta suka fito zanga-zanga saboda an tilasta musu sayen yunifom mai tsada, a Afrilu aka yi kame, yara kimanin ɗari suka mutu, a Satumba sojojin Faransa suka kawar da sarkin yana Libiya, suka dawo da David Dacko. Mulkin da aka buɗe da alkyabba, rigar 'yan makaranta ce ta rufe shi. A ƙasar da ta ga haka, ba a ce wa maganar tufafi ƙaramar magana. Daga nan sai ya mayar da mujallar cikin ledar farko, ya mayar da ledar farko cikin ta biyu.

Malam mai biro kuwa ba ya ƙin mujalla, gyara ta yake yi. Ya san matan gidansa sai sun duba, ya kuma san hani ba ya hanawa, don haka sai ya zauna bayan la'asar da baƙin biro ya tufatar da bayin Allah. Ya ja wa wannan hannun riga har wuyan hannu, ya rufe wa waccan wuya, ya sauke wa ta uku siket. Da yau da gobe hannunsa ya faɗa. Akwai telolin da za su rantse cewa wasu ɗinkunan Malam sun fi na Paris tsari, kuma da ma abin da Hajiya ke nema ke nan tun farko.

A gidan irin wannan Malam ne ake ganin wani gata da takardar Faransanci ba ta samu ba. Alhazai da fataken Jidda sun sha shigowa da mujallun Larabci: Al-Arabi ta Kuwait, wadda ta fara fitowa a 1958, da Sayidaty ta mata, wadda ta zo a 1981. Bahaushe ba ya taka rubutun Larabci, ba ya ƙunshe abinci da shi, don gudun kada a ce akwai sunan Allah a ciki. Saboda haka tsohuwa kan tsinci shafi a tsakar gida, ta karkaɗe, ta kai shi saman kanta tare da allo da Ishiriniya, ta hana yara taɓawa in ba su da alwala. Shekara ashirin ana girmama shi. Ranar da jikan da ya yi karatu a Sudan ya dawo ya duba, tallan man gashi ne.

Mai almakashi shi ne ciwon zuciyar duk wani mai son mujalla cikakkiya. Mai aski ne, ko mai kitso, ko saurayin da ya samu ɗakin kansa a zaure. Shi kai yake nema, sauran jiki a ba kaji. Bangon shagonsa majalisa ce da ba a taɓa yin irinta ba: ɗan ƙwallo daga Onze Mondial yana kafaɗa da kafaɗa da jarumar Indiya, Muhammad Ali ya dunƙule hannu a kan wata amaryar Dakar, can gefe ga 'yan wasan Kano daga mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a Kaduna a 1999, fatake kuma suka riƙa cusa ta cikin dilar kayan Kantin Kwari. Wanda ya sayi tsohuwar mujalla a bakin kasuwa, ya kai gida, ya buɗe tsakiya ya tarar da taga mai siffar kan mutum, to ya san ta kwana a shagon aski. Labarin da ke bayan shafin ya tafi da kan. Mai karatu zai ji minista ya ce zai, sai rami.

Duk waɗannan yara ne a kan manyan masu tarawa guda biyu. Na farko mai tsire. Shi ba ya tambayar shekara ko suna, a kilo yake saye. Sai dai yana da zaɓi, kuma zaɓinsa ne ya tsara abin da ya rage na tarihin unguwa. Jarida yake so, da takardun ofis, da tsofaffin littattafan 'yan makaranta, domin su ke shan mai. Takarda mai sheƙi ba ta sha, mai sai ya zame ya ɓata wa mai saye riga. Don haka jaridun da suka ɗauki jawaban shugabanni suka tafi da yaji da albasa, hotunan riguna suka tsira saboda ba su da amfani. Mai gyaɗa ce kawai ke kai musu hari, domin takarda mai sheƙi ta fi yin mazurari mai tsayuwa.

Na biyu gara. Bangui gari ne na damina mai tsawo, a bakin kogin Ubangi, laima na shiga har cikin adaka. Gara ba ta da jam'iyya: ta ci Bokassa, ta ci Giscard na Faransa, ta ci sarauniyar kyau, ta bar bango lafiya lau don kada a farga da wuri. Mai tuli zai yi shekara biyar yana alfahari da ɗaurinsa, ranar da ya ɗaga sai ƙasa ta zubo. Kyankyaso gam ɗin gindi yake lasa, ɓera ya kwashi kusurwa ya yi wa 'ya'yansa katifa, kwanon rufi mai yoyo kuma ya liƙe shafuka su zama allo guda. Shi ya sa hikimar tela ta fi ta kowa. Abin da ake zaune a kai kullum, gara ba ta samun sukunin shiga.

Sabon shiga cikin jerin shi ne dillalin da ya ji labari. Wani ya gaya masa, shi ma wani ne ya gaya masa, cewa Turawa na sayen tsofaffin mujallun Afirka da tsada a intanet. Labarin ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Ɗakunan karatu da masu bincike suna neman Bingo, wadda marubucin Senegal Ousmane Socé Diop ya kafa a 1953, suna neman Awa, wadda Annette Mbaye d'Erneville ta fara a Dakar a 1964, tun Amina ba ta zo duniya ba, suna neman Revue Noire, ƙatuwar mujallar zane da hoto da Jean Loup Pivin da Simon Njami da abokansu suka fara bugawa a Paris a 1991. Matsalar dillali ita ce bai san wacce ce wacce ba. A wurinsa duk abin da ya yi ja-ja ya tsufa, duk abin da ya tsufa zinariya ne. Ya shimfiɗa hajarsa kusa da hotunan nan da ake haɗawa da fukafukan malam-buɗe-littafi, waɗanda aka san Bangui da su, yana jiran ma'aikacin Majalisar Ɗinkin Duniya. Amina ta shekaranjiya, ba bango, mai aski ya riga ya ratsa ta, sai ya yanka mata sefa dubu hamsin. Baƙo ya yi dariya ya wuce. Dillali ya juya wa maƙwabcinsa: "Ka gani? Ya san darajarta, so yake in sauko." Ita kuwa Bingo ta gaske, guda ɗaya da ta taɓa biyowa ta hannunsa, da ita ya toshe ƙafar tebur.

Sai nau'in da ba a samu biyunsa ba, wanda ya kalli mujalla har ya shige cikinta. Samuel Fosso, ɗan Ibo ne da aka haifa a Kumba ta Kamaru a 1962, ya tashi a kudu maso gabashin Najeriya, yaƙin Biyafara ya rutsa da shi, kawunsa ya kawo shi Bangui a 1972. A 1975, yana ɗan shekara 13, ya buɗe shagon ɗaukar hoto na kansa. Da rana ya ɗauki amare da 'yan fasfo. Da dare, in fim ya yi saura, sai ya juya kyamara kansa, don ya aika wa kakarsa a Najeriya ta ga yana nan da rai. Abin da yake gani a mujallun waje da bangon faifan mawaƙa irin su Prince Nico Mbarga, shi yake sawa a jikinsa: wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, riga mai kama jiki, takalmi mai tudu, baƙin tabarau kamar faranti. Sauran 'yan unguwa suna yanke hoto su liƙa a bango, shi ya mayar da kansa hoton.

Kusan shekara ashirin ba wanda ya san da wannan wasa sai shi da labulen shago. A 1994 aka nuna hotunan a taron masu hoto na farko na Bamako, duniya ta waiwayo. A 1997 kantin Tati na Paris ya ba shi aiki, ya fito a matsayin basaraken da ya sayar wa Turawa Afirka, zaune kan kujera mai fatar damisa, riƙe da furanni. A 2008 ya zama Lumumba, ya zama Malcolm X, ya zama Angela Davis, ya zama Haile Selassie, duk shi kaɗai. A 2023 ya karɓi kyautar Deutsche Börse a Landan. Yaron da ya koyi tsayuwa daga mujallun wasu, yanzu shi ake bugawa a mujallun fasaha, shi ake yankowa.

Gidansa a Miskine yake, kuma a nan labarin ya daina ba da dariya. 'Yan tawayen Seleka suka kama Bangui ranar 24 ga Maris 2013, mayaƙan anti-balaka masu adawa da su suka afka wa birnin ranar 5 ga Disamba, a farkon 2014 Musulmi dubbai suka hau manyan motoci zuwa Chadi da Kamaru, Sankilo ta zama tsibiri. Miskine, da yake unguwar cakuɗe ce a bakin iyaka, ta sha wawaso, har kwanon rufi da ƙyauren ƙofa ana ɓallewa. A Fabrairun 2014, Fosso yana Paris, aka fasa gidansa. Masu wawaso suka kwashi abin da ke sayuwa, suka watsar da hotuna da nagatif a ƙasa, domin a idonsu shara ce. Jerome Delay, mai ɗaukar hoto na kamfanin dillancin labarai na AP, shi ya ga hotunan cikin ƙura ya gane na wane ne. Shi da Marcus Bleasdale da Peter Bouckaert na Human Rights Watch suka tattara dubban nagatif suka fitar da su. Yawancinsu ba Fosso ne a ciki ba. Mutanen gari ne da suka zo shagonsa cikin shekaru kusan arba'in, kowa sanye da abin da ya nuna wa tela a katalogi.

Wannan guguwa ta haifi nata nau'in, mai shafi ɗaya. Wanda zai hau motar gudu ba ya ɗaukar tuli. Tela ya kwance kan keke ya rungume, ya bar ƙafafun. Hajiya ta zaɓi turmi biyu ta bar adaka. Amma a shagunan ɗinki na Garoua-Boulaï ko Njamena akan ga shafi guda a bango, ya sha ninki har ya yi gicciye fari a tsakiya, ɗinkin ciki kuwa ba wadda za ta sa shi yau. In an tambaya, mai shi zai ce, "Na shagonmu ne na Bangui," ya ci gaba da taka keke. Wasu sun dawo, musamman bayan Fafaroma Francis ya shiga Babban Masallacin Sankilo ranar 30 ga Nuwamba 2015 al'amura suka ɗan lafa. Daga cikin masu dawowa akwai wanda ya tarar da ɗakinsa ba rufi ba ƙofa, amma ɗaurin mujallu na nan a kusurwa, ba wanda ya ga dalilin sata.

'Yar zamani kuwa rantsuwa take ba ta da alaƙa da duk wannan. Ita waya gare ta. Hotuna dubu uku ta kwaso daga Instagram da WhatsApp, ba ta goge ko ɗaya, kullum wayar na kukan ta cika, wato Hajiya mai adaka ce aka sake haifa ba tare da kafur ba. Ta shigo shago ta miƙa wa tela gilashi a hanci: "Baba, wannan za ka yi min." Tela ya gyara tabarau, ya kai yatsa zai taɓa, hoton ya gudu. Aka nemo shi, fuskar waya ta yi duhu. Aka sake kunnawa, caji ya ƙare, wuta kuwa tun asuba aka ɗauke, kuma ba a san ranar dawowarta ba. Shi kekensa na ƙafa ne, bai san an ɗauke ba.

Sai ya miƙe, ya kwance ƙyallen atamfa, ya zaro ta uku daga ƙasa. Yarinya ta fara buɗawa tana yatsina, a shafi na biyar ta daina. Ga wando mai faɗin ƙafa, ga hannu mai kumburi, sak abin da ke cikin matacciyar wayarta. "Baba, ai shi ne! Yaushe ya fito?"

"Bai daɗe ba, 'yata," in ji tela, babban yatsansa a kan kwanan wata. Ya ƙara mata sefa dubu biyu kuɗin sabon yayi, ya ce ta dawo ran Alhamis. Ya mayar da mujallar cikin 'yan'uwanta, ya ɗaure, ya hau kai.